Kunne-Uku da Garmahon Har Abada

A unguwar nan babu wanda bai san Kunne-Uku ba. Mai askin bakin titi ne ya laƙaba masa sunan, saboda kullum cewa yake shi Allah ya yi masa kunne na daban, yana jin abin da sauran mutane ba sa ji. In mota ta wuce sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Kun ji? Tayar baya ba iska." In cokali ya faɗi a gidan maƙwabta sai ya ce na shayi ne, ba na miya ba. Tunda babu mai bin mota da gudu don ya duba taya, ba a taɓa ƙaryata shi ba, shi kuwa ya ɗauki shirun mutane a matsayin shaida. Sunan da aka sa masa don tsokana sai ya karɓe shi hannu bibbiyu.

Da ya ajiye aiki a kamfanin fentin da ya tsufa yana tsaron sitonsa, aka ba shi kuɗin sallama. Matarsa ta fara zancen sabon firji, shi kuwa idonsa na saman kabad. A can akwai faifan garmaho guda ɗaya, naɗe cikin tsohon mayafi. Wansa marigayi, mai kaɗa jita, shi ya yi faifan yana saurayi, bai kuma sake yin wani ba. Tun da garmahon gidansu ya lalace, Kunne-Uku yana ɗan yaro, babu wanda ya ƙara jin muryar. Babbar yayarsu, wadda ta goye shi, ta tsufa sosai, kuma duk sanda ta kira shi a waya sai ta ce, "Auta, ina son in ji muryar nan kafin in bi shi."

Wani mutumin sai ya nemi aron garmaho, a saurari faifai, a share hawaye, a tashi. Kunne-Uku shagon aski ya nufa.

"Garmaho zan saya," ya ce, tun bai zauna ba. "Ba irin na wasan yara ba. Wanda za a binne ni a bar shi yana juyawa, jikokina su yi dambe a kansa ranar rabon gado."

Mai aski ya ce, "Garmaho a wannan zamanin? Waƙar duniya ai duk tana cikin wayarka."

"Waya? Abin da ke fitowa daga waya ba kiɗa ba ne, labarin kiɗa ne. Kamar a ba ka hoton nama a ce ka ci."

Telan da shagonsa ke ƙasan benen su Kunne-Uku yana kan benci yana jiran layi. Ya ce, "To faifai nawa gare ka?"

"Ɗaya."

"Ɗaya tal?"

"Rana ma ɗaya ce, ta ishi duniya."

Washegari ya sa rigarsa ta zuwa ɗaurin aure, ya tafi babban kantin kayan sauti, irin wanda sanyi ke dukan mutum tun daga ƙofa. Mai kantin ya nuna masa wani ɗan madaidaici, mai lasifika a jikinsa, ya ce wannan da an jona shi da wuta shi ke nan. Kunne-Uku ya ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa kamar mai zaɓen kankana, ya kara kunne, ya girgiza kai.

"Wannan ba zai ga baɗi ba. Na ji tari a ƙirjinsa."

"Ai ba a kunna shi ba, ranka ya daɗe."

"Shi ya sa ku ba ku ji ba."

Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya, wannan ya ce yana da mura, wancan ya ce ramamme ne. Ma'auninsa ɗaya ne, ya sa hannu ya ɗaga. Duk wanda ya ɗagu ya faɗi jarrabawa. Can ƙuryar kanti ya iske wani a cikin akwatin gilashi, gindinsa baƙin dutse, farantinsa mai kauri kamar murfin rijiya, da siririn hannu mai ɗauke da allura. Ya sa ƙarfi ya ɗaga, bayansa ya ce ƙas, garmaho ko gezau.

"Wannan," ya ce, yana dafe da ƙugu. "Shi ne sa'ana."

Mai kanti ya ce, "Zaɓi mai kyau. Sai dai shi a warwatse yake zuwa, mu kan je gida mu haɗa wa mutum..."

"Ɗana, tun ba a haife ka ba nake harka da faifai."

"To akwai bel ɗin roba da ke juya..."

"Na sani."

"Kuma shi ba shi da..."

"Na ce na sani! Araha ba ta ado, ɗaure min."

Bai san komai ba. Hankalinsa duk yana kan irin kallon da za a yi masa in ya sauka a bakin titi da kwali. Kuɗin sallama kuwa suka yi sallama.

Kallo dai an yi masa, har ya fi wanda ya roƙa. Mai aski da tela suka kama kwalin ta ƙasa, shi ya kama ta sama yana hawa matakala da baya, yana ba da umarni. Matan gidan suka firfito baranda. Ana tsakiyar hawa ya yunƙura don ya nuna har yanzu da sauransa, sai tazugen wandonsa ya tsinke. Ya ji wando ya fara sallama da ƙugu, hannayensa biyu kuma suna ƙarƙashin kwali.

"Ku tsaya," ya ce a hankali.

"Ba wurin tsayawa, nauyi zai kashe mu!" in ji tela.

Mai aski ya leƙo ta gefen kwali ya ga abin da ake ciki. "Zaɓi ɗaya, Kunne-Uku. Ko garmaho ko mutunci."

Ya zaɓi garmaho. Ya ƙarasa hawa da ƙafafu a tale kamar agwagwa, wando a gwiwa, doguwar riga ce kaɗai ta rufa masa asiri. Matan baranda suka shige ɗakuna da gudu, ana jiyo dariyarsu ta bango.

Da aka buɗe kwali, matarsa ta tsaya ta riƙe haɓa. "Malam, garmaho ka sayo ko kayan gyaransa?"

"Haka manyan kaya suke zuwa. Giwa ma ba a ɗaukar ta gaba ɗaya."

Littafin bayani ya fara cin karo da shi, ya jefa shi cikin kwali ya ce wannan na marasa kunne ne. Ya ɗora faranti a kan gindi, ya maƙala hannu, ya ja baya yana sha'awar kansa. Sai ya ga wata siririyar baƙar roba a zagaye, a cikin 'yar leda.

Matarsa ta ce, "Wannan fa, ina za ta shiga?"

"Robar ɗaure kaya ce." Ya ɗauki almakashi ya datse ta gida biyu, ya ɗaure wayoyin baya da ita tsaf-tsaf. "Kin ga amfaninta."

Daga ranar gidan ya koma asibiti. Kunne-Uku ya kafa doka cewa garmaho irin wannan ba ya son girgiza. Ba a taka falo da takalmi, ba a kunna fanka, ba a rufe ƙofa da ƙarfi, mai atishawa ya fita baranda.

"Numfashi fa, an yarda?" in ji matarsa.

"A dai yi a hankali."

Duk da haka hankalinsa bai kwanta ba, domin ya ce yana jin keken ɗinkin tela na hawowa ta ƙafafun tebur. Ya yanke shawarar kafa wa garmaho kanta a bango. Ya aro injin huda bango. Matarsa ta ce ya kira magini, tunda bayan bangon nan banɗaki ne. Ya dube ta da tausayi, ya ƙwanƙwasa bangon, ya kara kunne, ya matsa gaba kaɗan ya sake ƙwanƙwasawa.

"Nan," ya ce. "Babu komai a ciki. Na ji."

Injin bai yi nisa ba ruwa ya fito tsiri, ya same shi tsakiyar goshi. Ya saki injin ya danna babban yatsa a ramin, ruwa ya rabu biyu ya nufi kunnuwansa.

"Garmaho! Rufe garmaho!"

Matarsa ta buɗe lema ta tsaya a kan garmaho a tsakiyar falo, kamar mai raka amarya cikin damina. Ruwa ya bi ƙarƙashin ƙofa, ya gangara matakala, ya kuma sami wata kafa ya ɗiga kai tsaye kan teburin yankan tela. Ba a jima ba sai ga tela ya hawo, riƙe da farin yadin mutane yana zuba.

"Kunne-Uku, ruwan sama ake yi a shagona, ga rana tsaka!"

"Bututun ne ba a inda ya kamata yake ba. Laifin wanda ya gina gidan ne."

"Kunnenka na ukun bai ji ruwa ba?"

"Lokacin ba ya gudu. Ruwa in yana tsaye ba shi da murya."

"Tsuntsun da ya ja ruwa dai shi ruwa kan doka. Amma ni me na ja?"

Sai da aka rufe ruwan ginin gaba ɗaya kafin mai gyaran famfo ya zo, kowa a gidan ya wuni da bokiti a hannu yana ambaton sunan Kunne-Uku, ba da alheri ba. Garmaho ya koma kan teburin cin abinci, mutanen gida suka koma ci a ƙasa.

Wannan bai sa ya saduda ba. Ya kira Yaya ya sa mata rana, ya bi gida-gida yana gayyata, har da waɗanda ya bari ba wanka. Ya ce su zo su ji abin da kunnensu bai taɓa ɗanɗanawa ba.

Matarsa ta ce, "Malam, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka gwada abin nan mu ji."

"Gwaji na mai shakka ne. Allurar nan bakinta lu'u-lu'u ne, ba a ɓata ta a banza. Juyin farko na Yaya ne."

"To ta ina maganar za ta fito? Ni duk sharar da nake yi ban ga bakinsa ba."

Kunne-Uku ya zagaya garmaho. Ya duba gaba, ya duba baya, ya durƙusa ya leƙa ƙasa. Sai a lokacin ya tuna mai kanti ya fara cewa "ba shi da", shi kuma ya tare shi. Gumi ya tsatso masa, amma ya miƙe ya kaɗe gwiwa.

"Da gangan ne. Babban mutum ba ya magana da kansa, sai da sanƙira."

Ya fita da sauri ya je wurin mai tallan maganin basir a bakin kasuwa, ya aro lasifikarsa, irin mai faɗin bakin nan, haɗe da akwatinta. Ya cusa wayoyi inda suka shiga, inda suka ƙi ya naɗe da salatif.

Ranar taro falo ya cika tun la'asar. Kowa ya tuɓe takalmi a ƙofa ya shigo da sanɗa. Mai aski ya rufe shago, tela ya zo da kujerarsa, matan baranda suka jeru jikin bango. Aka zaunar da Yaya a gaba, sandarta a kan cinya, idonta a kan mayafin da ke naɗe da faifai. Kunne-Uku ya sa farar safar hannu, ya zare faifan kamar mai fito da jariri daga wanka, ya ɗora, ya sauke allura a bakinsa.

"Jama'a," ya ce, "ido ɓarawon kunne ne. Kowa ya rufe idonsa. Wanda ya buɗe ya cuci kansa."

Aka rufe. Ya danna maɓalli, wata 'yar fitila ta kama, shi ma ya zauna ya rufe nasa.

Aka yi shiru. Can sai ga kiɗa, siriri, mai daɗi, kamar daga nesa. Kunne-Uku ya saki ajiyar zuciya ya fara kaɗa kai.

"Kun ji? Kun ji abin da nake faɗa muku? Ku ji yadda sautin ba ya dukan kunne, lallaɓowa yake. Kai ka ce daga sama yake saukowa."

"Wallahi kamar daga sama," in ji mai aski.

"Ku ji jitar nan. Ina jin yatsun marigayi a kan tsirkiya. Har numfashinsa nake ji. Waya za ta ba ku wannan?"

Sai murya ta shigo, zazzaƙa, tana rera waƙa. Yaya ta gyara zama.

"Auta."

"Na'am, Yaya. Yi kukanki, ba kunya."

"Yaushe ɗan'uwan namu ya zama mace?"

"Ƙuruciya ce, Yaya. Lokacin muryarsa ba ta fashe ba. Tsohon garmahonmu ne ya riƙa kaurara ta, wannan kuwa gaskiya yake faɗa."

Bai rufe baki ba kiɗan ya yanke, wani namiji ya ce, "Masu sauraro, za mu dakata mu ji saƙo daga masu sabulun wanki, mai fitar da datti ba wahala."

Idanu suka buɗe gaba ɗaya. Faifai na zaune daram, ko motsi bai yi ba, robar da za ta juya shi tana can baya ɗaure da wayoyi. Ta taga kuwa ana hango barandar sama, inda wata maƙwabciya da ba ta sami gayyata ba take shanya, 'yar rediyonta mai ɗaurin ƙyalle rataye a ƙusa.

Tela ne ya fara. Ya zame daga kujera ya riƙe ciki. Mai aski ya ce, "Har numfashinsa! Ashe marigayi ya taɓa tallan sabulu!" Matan bango suka dinga dukan juna, dokar girgiza ta rushe, tebur har rawa yake.

"Ku dakata! Wuta ce ba ta ishe shi ba. Babban inji babban ci gare shi."

Ya fizge wayar akwatin lasifika, ya bare bakinta da haƙori, ya cusa ta cikin soket ɗin da garmaho ke ciki. Lasifikar mai magani ta yi wata ƙara kamar an taka wutsiyar jaki, soket ya ce tas, hayaƙi ya tashi, wutar ginin duka ta ɗauke. Safar hannunsa ta dama ta koma baƙa.

Mutane suka fara ficewa suna neman takalma, wasu na tari wasu na share hawayen dariya. Kunne-Uku ya zauna a ƙasa, ya cire safar ya dube ta.

"Ta faru ta ƙare, an yi wa mai dami ɗaya sata," ya ce. "Yaya, kunnuwan nan uku, ashe biyu na ado ne, na ukun kuma ban san inda na aro shi ba. Na sa kin sha hanya a banza."

Yaya ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi faɗa ba. Ta miƙa sandarta ta ɗan tura gefen farantin. Ya juya sumul.

"Ai yana juyawa," ta ce. "In babu jaki, mai kaya shi ke ɗauka. Tashi ka juya min."

"Da hannu, Yaya?"

"Da ƙafa za ka juya?"

Ya tashi ya ɗora yatsa a kan takardar tsakiyar faifan, ya fara zagayawa da shi. Ginin ya yi tsit, babu firji, babu fanka, ko rediyon sama an kashe ta don a ji abin da ya fashe. A cikin shirun nan sai wani ɗan sauti ya taso daga bakin allurar kanta, siriri kamar kukan sauro. Jita ce. Bayanta kuma murya, ta namiji.

Yaya ta jawo kujera ta sunkuyar da kai har ɗankwalinta na taɓa hannun garmaho. Matarsa ta matso. Mai aski da ke bakin ƙofa da takalmi ɗaya a hannu ya yi wa na matakala alama, suka dawo da sanɗa, wannan karon ba wanda ya sa su. Kawuna suka haɗu a kan tebur.

"Sassauta," in ji Yaya. "Ba korar sa aka yi ba."

Ya sassauta, muryar ta yi kauri ta ja kamar mai hamma.

"Ban ce ka kwantar da shi ba."

Ya ƙara kaɗan, ya rage kaɗan, har ya dace. Muryar ta tsaya daidai, saurayi mai dariya a cikin maƙogwaro. Yaya ta rufe baki da gefen mayafi, hawaye na bin kuncinta. Kunne-Uku ma ya ji idonsa ya cika, ga yatsa ya fara ƙagewa, amma bai yarda ya tsaya ba.

Sai da aka shiga baiti na biyu ya fara gane abin da waƙar ke cewa. Ya manta da ita sarai. Waƙa ce marigayin ya yi wa ƙaramin ƙanensa, autan gida mai baki, wanda ya tara yaran layi ya ce zai kamo musu wata a cikin bokiti, ya je ya leƙa rijiya ya faɗa, aka fito da shi yana cewa saura kaɗan ya kama.

Kafaɗun tela suka fara rawa. Mai aski ya cusa hularsa a baki. Matarsa ta ɗago ta dube shi, ta mayar da kai. Kunne-Uku ya saci kallon jama'a, ya ƙara wa yatsa mai, muryar ta tsere kamar ta ɗan tsako.

Sandar Yaya ta sauka a bayan hannunsa.

"Koma baya," ta ce, tana dariya tana kuka. "Nan ne wurin da na fi so."

Ya ɗaga allura ya mayar da ita baya, ya canza yatsa, ya ci gaba da juya wa unguwa labarin faɗawarsa rijiya, a hankali, yadda kowa zai ji.